Baba Ciro, Mai Karanta Bakin Fulogi

Kafin masu shagunan layin su gama ɗaga ƙofofinsu, shi ya riga ya share gaban garejinsa ya yayyafa ruwa. Garejin ba wani abin kallo ba ne. Rumfar kwano ce a ƙarshen gari, daidai inda kwalta ta ƙare hanyar ƙasa ta miƙe zuwa gindin dutse, da benci guda wanda baƙin mai ya rine, da tebur mai aljihu biyu, ɗayan ba ya rufuwa sai an tura shi da gwiwa. Yakan shimfiɗa tsumma a kan teburin ya jera sifanoninsa daga ƙarami zuwa babba, ya ajiye wani tsohon gwangwanin madara a gefe, sannan ya zauna da kofin shayinsa ya juya kunne wajen titi. Kafin babur ya iso ƙofa ya san na wane ne, ya kuma san abin da ke damunsa, ko ya kusa sani.

Ba kowane babur yake gyarawa ba. Aikinsa dogayen baburan nan ne masu tayoyi kamar haƙoran zarto, waɗanda ake kutsa daji da su: na malaman dabbobi, na masu gadin gandun daji, na ma'aikatan asibiti masu kai magani ƙauyuka, da na samarin da ke wasan tsalle a ramin yashi ran hutu. Duk wanda ya zo, ko me ya faɗa, amsar ɗaya ce. Ka ce babur yana tari, ka ce yana shan mai kamar tulu ya fashe, ka ce ya ƙi hawa tudu, zai saurare ka har ka kai aya, sannan ya miƙo maka sifana ya ce, "Ciro fulogin mu gani." Daga nan sunan ya manne masa. Yau in ka nemi sunansa na gaskiya a layin nan sai a yi ta kallon juna. Baba Ciro kowa ya sani, har jikokinsa.

In ya ga kana son sani, ba ya rowar bayani. Zai ce maka kafireta ita ce tukunyar da ake dama fetur da iska kafin inji ya sha. A cikinta akwai wani ɗan jan ƙarfe wanda bai fi ƙwayar wake ba, mai huda a tsakiya, ta nan fetur yake bi. Shi ake kira jet, kuma irinsa ne ke cike da gwangwanin madaran nan, manya da ƙanana, waɗanda ya tara tun yana da baƙin gemu. In hudar ta yi faɗi, mai ya danne iska, inji ya shaƙe, bakin fulogi ya fito baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. In hudar ta yi ƙanƙanta, iska ta danne mai, inji ya ɗau zafin da ya fi ƙarfinsa, bakin fulogi ya fito fari fat kamar alli. Abin da ake nema yana tsakani, launin shayin da aka zuba wa madara daidai.

"Labarin zuciya a tambayi fuska," in ji shi. "Labarin inji kuwa a tambayi fulogi. Mai babur yana iya yin ƙarya, bakanike ma yana iya yi. Fulogi bai iya ba."

A jikin ginshiƙin rumfar akwai wani fistin, ƙarfen nan da ke hawa da sauka a cikin inji, a rataye da waya, da huda a tsakiyar kansa wadda ɗan yatsa zai shiga. Na wani saurayi ne cikin masu wasan yashi. Ya cire matatar iskar babur ɗinsa don ya ƙara gudu, babur kuwa ya riƙa tashi kamar an tsikare shi. Baba ya duba fulogi ya ga fari, ya ce masa, "Ɗana, wannan gudun da kake ji, gudun mai zazzaɓi ne. Bar shi nan in ƙara masa mai." Saurayin ya yi dariya ya ce tsofaffi ba sa son ƙarar inji. Ba a yi sati ba abokansa suka turo babur ɗin, shi yana biye da kai a sunkuye. Waɗanda suke wurin sun ce Baba bai ce masa "na faɗa maka" ba. Matsa masa ya yi a kan benci, ya sa shi ya kwance injin da hannunsa har ya ga hudar da idonsa. Saurayin nan yanzu magidanci ne, kuma shi da kansa ya roƙa a rataye fistin ɗin inda kowa zai gani.

Akwai abin da layin bai sani ba sai daga baya. Shekarun nan na kusa, yanar ido ta soma rufe wa Baba gani. Hannunsa bai manta komai ba, kunnensa ma sai ƙara kaifi yake, amma launi ya soma guje masa. Fari da ruwan ƙasa suka zama ɗan juma da ɗan jummai a idonsa. Ga mutumin da duk sana'arsa ta rataya a kan launin abin da bai kai farce ba, wannan ba ƙaramin tashin hankali ba ne.

Matarsa ce ta gano. Tela ce, kekenta yana ɗakin da ke bayan garejin, taga ɗaya ta raba su. Shi yana ce mata Mai Keke, ita tana ce masa Malam, ko "tsohon nan" in ya ɓata mata rai. Wata rana ta hango shi yana ta juya fulogi a rana, ya kai shi kusa da ido ya mayar nesa. Ta miƙo hannu ta taga.

"Kawo in gani, Malam."

"Me tela ta sani a fulogi?"

"Ni da nake raba shuɗi da shuɗi tun kafin ka iya riƙe sifana? Kawo."

Ya miƙa mata. Ta duba ta ce ruwan ƙasa ne, amma ya ɗan yi duhu ta gefe ɗaya. Abin da kunnensa ya faɗa masa ke nan. Daga ranar, duk fulogin da aka ciro sai ya bi ta tagar nan. Masu babura suna zaton wasan tsofaffi ne, har suna tsokanarsa wai Baba ba ya yanke hukunci sai ya nemi izini a gida. Shi kuwa sai ya ce, "Ku ma da kuna nema, da baburanku ba su lalace haka ba."

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a daminar bara. Malamin asibitin da abin ya faru da shi ne ya ba ni labarin, Mai Keke ta cike inda ya manta.

Ruwa ya cinye gadar da motoci ke bi su zagaya zuwa ƙauyukan kan dutse. Ana cikin haka amai da gudawa suka ɓarke a can sama. Ƙaramin asibitin da ke wurin, mai ma'aikaciya ɗaya tal, ya aiko cewa ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya ya ƙare, mutane na kwance har a baranda. Hanya ɗaya ta rage, tsohuwar hanyar shanu da ta hau dutsen kai tsaye, wadda ba abin da ke bin ta sai ƙafa da dogon babur. Malamin asibiti ya ɗaure katan-katan na ruwa da sassafe ya kama hanya. Da ya wuce rabin dutsen babur ya soma tari, ya riƙa fitar da baƙin hayaƙi, ƙarfinsa ya zube, ya mutu. In ya tayar sai ya tashi, da ya murɗa totur a kan tudu sai ya sake shaƙewa. Ya sauke kayan a wani kogon dutse ya lulluɓe da leda, ya gangaro.

Da hantsi ya iso garejin, taɓo har gwiwa.

"Baba, ka taimake ni. Injin nan ya mutu, kuma mutane na can suna jira."

Baba ya miƙa masa sifana. Fulogi ya bi ta taga, Mai Keke ta ce baƙi ne, busasshen baƙi kamar garin gawayi. Baba ya shafa shi da babban yatsa ya sansana.

"Injinka lafiyarsa lau, Likita. Kai da ka hau can, ba ka ji numfashinka ya yi gajere ba?"

"Na ji."

"To shi ma haka. Iskar sama ba ta da kauri kamar ta nan. An saita masa mai daidai da iskar ƙasa, ya hau inda iska ta yi ƙaranci, mai ya shaƙe shi. Sai an rage masa jet."

"To a rage, Baba."

"Ba a nan ba. In na saita shi a nan, na saita wa ƙasa ne. Ciwon da ke kan dutse, a kan dutse ake maganinsa."

Ya tashi ya soma zuba kaya a jaka: gwangwanin jet, sifanoni, sukuduraiba, da sababbin fulogai, don tsohon fulogi da ya riga ya yi baƙi ba ya ba da sabon labari. Keken ɗinki ya tsaya a cikin ɗaki. Mai Keke ta fito ta tsaya a bakin ƙofa.

"Da wace gwiwar za ka hau dutse, Malam?"

"Babur ne zai hau, ni zama zan yi."

"Da wane idon kuma?"

Malamin asibiti ya dubi wannan ya dubi wancan. Baba ya daɗe yana ɗaure bakin jaka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya ɗago ya ce, "Likita, idona ba ya raba launi yanzu. Ita ce take duba mini. Yau kai za ka zama idona."

Mai Keke ba ta ƙara cewa kada ya je ba, ta san wanda take aure. Ta koma ciki ta buɗe akwatin zarenta, ta fito da ƙullin zare guda, ruwan ƙasa mai haske, ta danƙa wa malamin asibiti.

"Ɗana, in kun ciro fulogi, ka kara shi da wannan. In ya fi shi duhu ka faɗa, in ya fi shi haske ka faɗa. Kada ka ce masa 'kusan haka ne', tsohon nan ba ya jin kusan. Kuma ka dawo mini da shi da ƙafafunsa biyu."

Suka hau, Baba a baya da jaka a cinya. Hanyar duwatsu ce da zaizayar ruwa, kowane rami sai ya ji shi a gwiwarsa ta hagu. Kunnensa yana kan injin. Tun kafin su kai kogon ya ji muryar babur ta soma kauri, tana yin kamar mai magana da abinci a baki. Suka ƙarasa da kyar.

A bakin kogon ya shimfiɗa tsummansa a kan dutse kamar yadda yake yi a teburinsa. Ya rufe mai, ya kwance gindin kafireta, ya ciro jet ɗin da ke ciki, ya laluba cikin gwangwani. Malamin asibiti yana karanta masa lambobin da ke jiki, shi yana zaɓa. Ya sa wanda ya ɗan fi ƙanƙanta, ya ɗaura sabon fulogi.

"Ga yadda za mu yi. Ka ga tudun can mai tsawo? Zan zauna a baya a madadin kayanka. Ka murɗe totur har ƙarshe, kada ka sassauta. In na dafa kafaɗarka, ka kama kuloci ka kashe inji a lokaci guda. In ka sassauta ka bar shi yana aiki a hankali ko kaɗan, ya goge shaidar."

Suka hau tudun, ya dafa, inji ya mutu, suka tsaya. Fulogin da zafinsa, Baba ya ciro shi da tsumma. Malamin asibiti ya kara da zare.

"Ya fi shi duhu, Baba. Sosai."

Suka gangaro kogo. Aka sake kwancewa. Jet na gaba da ke cikin gwangwanin ya yi tsalle, ya fi na farkon ƙanƙanta da nisa, babu na tsakani. Baba ya juya shi a yatsunsa, ransa bai kwanta ba, amma ya ce a gwada. Wannan karon babur ya tashi kamar doki ya ga fili. Ya haye tudun ba ko tari. Malamin asibiti har da dariya, ya ce shi ke nan, Allah ya yi. Baba kuwa a baya ya ji wani ɗan sauti can ƙasan ƙarar, ƙas-ƙas-ƙas, kamar tsakuwa a gwangwani. Ya dafa kafaɗa.

"Me ka gani?"

Malamin asibiti ya duba fulogin. "Fari-fari ne."

"Kara da zaren."

"Ya fi shi haske."

"Akwai ɗigo-ɗigo a jiki, kamar an watsa barkono?"

"Akwai kaɗan. Amma Baba, ka ji yadda ya hau. Mu ɗaura kaya in tafi. Ai ka ce can sama iska ta fi ƙaranci, in na ƙara hawa zai daidaita da kansa."

"Zai daidaita in ya kai. Gabanka akwai hawa mai tsawo, da kaya, a ƙaramar giya. Ɗigon da kake gani kan fistin ne ya soma narkewa. Ba zai kai ba."

"In ya kai fa?"

"In bai kai ba fa? Yau kana da babur mai tari. In fistin ya huje ba ka da babur ko kaɗan, yau da gobe da jibi. Wannan kayan kaɗai za su ishe su?"

Malamin asibitin mutum ne mai ladabi, amma a ranar idonsa ya rufe. Ya ce akwai yara a can waɗanda jikinsu ya bushe, kowane jinkiri rai ne, shi ya san abin da yake gani in yaro ya kai wani hali, Baba bai sani ba. Ya ce in ya tsaya neman launin zare har wani ya mutu, wa zai ɗauki alhakin? Ya miƙa hannu a ba shi fulogi.

Baba ya sa fulogin a aljihun rigarsa, da sauran sababbin, ya dafe aljihun da tafin hannu.

"Ɗana, gaskiyarka ne, ban san abin da ka sani ba. Alhakin kuma na ɗauka, ka faɗa wa duk wanda ya tambaya. Amma ba zan sallame ka a kan farin fulogi ba. In za ka ƙwata, ga ni, tsoho ne ni, ba zan iya hana ka ba."

Suka tsaya suna kallon juna. Hadari ya taso ta bayan dutsen, iska ta soma kaɗa ledar da ke kan kayan. Malamin asibiti ya ce mini a lokacin ya tsani tsohon nan kamar ya mutu. Ya juya baya, ya riƙe ƙugu, ya daɗe. Sannan ya juyo ya ce, "To me za mu yi?"

Baba ya riga ya tsuguna. Tun suna musu hannunsa ke cikin jaka. Ya fito da guntun wayar lantarki, ya feɗe ta da haƙori, ya zare silin jan ƙarfe guda, siriri kamar gashi.

"Za mu mayar da jet ɗin da muka fara gwadawa, mai faɗin. Mu zura wannan a hudarsa, ya cinye kaɗan daga hanyar man. Ba babba, ba ƙarami. Mu lanƙwasa bakinsa biyu don kada ya zame."

Ya gwada zurawa. Silin ya lanƙwashe. Ya miƙe shi ya sake, ya kauce. Yayyafi ya soma sauka, suka ja jiki cikin kogon inda haske ya ƙara raguwa. Ya sake gwadawa, yatsun da suka yi shekaru suna wannan aiki suna neman hudar da ido ba ya gani. Bai yi tsaki ba, bai kuma daina ba, sai da malamin asibiti ya durƙusa kusa da shi.

"Kawo, Baba."

"Kai da ke samun jijiyar jariri, wannan ai wasa ne a wurinka. Riƙe shi ta nan. Kada ka tura, bar shi ya nemi hanya."

Sau ɗaya ya zura, ya shige. Baba ya karɓa ya lanƙwasa bakin da farcensa, ya shafa ya tabbatar, ya mayar cikin kafireta, ya ɗaure. Suka fita cikin yayyafin suka sake hawa tudun, taya na watsa taɓo. Babur bai yi ƙarfin ɗazu ba, bai kuma yi tari ba. Murya ɗaya ya riƙe tun daga ƙasa har sama, tsakuwar nan ta ɓace. Baba ya bari suka yi nisa fiye da na baya kafin ya dafa.

Malamin asibiti ya kare fulogin da hularsa, ya kara da zare, ya daɗe yana dubawa, don yanzu shi ma ba ya son kusan.

"Ya ɗan fi zaren haske, kaɗan ƙwarai. Ba ɗigo."

"Haka nake so. In ka ƙara hawa zai zo daidai. In kana saukowa kada ka murɗe totur har ƙarshe, ka lallaɓa shi. Ɗaura kayanka."

Sai da suka gama ɗaure katan-katan malamin asibiti ya lura da abin da Baba ya sani tun a gareji: babur ba zai ɗauki kaya ya ɗauki mutum biyu ba.

"Baba, kai fa?"

"Ni da na hau da babur, saukowa ai gangara ce. Tafi."

"Na yi wa Mama alkawari."

"Ƙafafu biyu ta ce, ba ta ce masu kyau ba. Tafi, Likita, ana jiranka."

Ya tsaya a bakin kogon yana sauraron ƙarar tana hawa, tana zagaya duwatsu, tana ƙanƙancewa. Bai motsa ba sai da ta ɓace ba tare da ta karye ba. Sannan ya karyo reshe ya yi sanda, ya rataya jaka, ya soma sauka. Dutse jiƙaƙƙe, ido ba ya raba rami da inuwa, gwiwa na kumbura. Inda ya gagara da ƙafa ya zauna ya ja jiki. Wani makiyayi ya gamu da shi kusa da gindin dutsen ya riƙo hannunsa har bakin kwalta. Rana na shirin faɗuwa ya shigo layin. Mai Keke tana tsaye a ƙofar gareji tun la'asar. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta karɓi jakar, ta ce, "Tsohon nan, Allah ya shirye ka." Sannan ta shiga ta ɗora ruwan zafi, kuma maƙwabta sun ce sun ji tana kuka a wajen murhu.

Babur ya kai. Ba kowa aka samu ba. Wata tsohuwa ta rasu tun da safe, wani yaro kuma ya cika ana cikin sa masa ruwan. Malamin asibiti bai ɓoye wa Baba wannan ba, Baba kuma bai nemi a ce masa jinkirinsa ba shi da hannu a ciki ba. Ya yi wa yaron addu'a, ya ce a kawo babur ɗin ya duba. Sauran da ke kwance a barandar nan duk sun tashi. Har aka gyara gadar, babur ɗin nan ne yake hawa yana sauka kullum da ruwa da magani, kuma duk dawowa Baba yana kan benci, ƙafa a miƙe an naɗe ta da tsumma, yana jiran a ciro masa fulogi. Bai yi fashi ba ko sau ɗaya, injin ma bai yi ba.

Baba, kai ne ka hau dutse da gwiwar da ba ta hawa matakala. Kai ne ka faɗi rauninka a gaban sa'an ɗan cikinka don kada aiki ya ɓaci, alhali kana iya rufa wa kanka asiri ka yi ta cacar launi. Kai ne aka ɗora wa alhakin rai a fuska, ka ce ka ɗauka, ba ka saki abin da ka san gaskiya ne ba. Gagara gaggawa, mai kunnen da inji ba ya yi wa ƙarya. Mutanen kan dutse har yau cewa suke Likita ya kawo musu ruwa, kuma gaskiya suka faɗa. Ba su san fuskarka ba, kai ma ba ka taɓa neman su sani ba.

A ƙarshen watan nan Baba Ciro zai miƙa garejin ga ɗan ƙanwarsa, wanda ya koya a hannunsa har ya yi iyali. Malamin asibiti ya matsa masa lamba har ya yarda a yi masa aikin ido, bayan ya sha cewa sai ya gama babur ɗin da ke gabansa, alhali kullum akwai babur a gabansa. Malamin da kansa zai kai shi, Mai Keke kuma ta ce za ta bi su don kada tsohon ya sulale daga layin asibiti.

Mun gode, Baba. Mun gode, Mama, da ke da akwatin zarenki. Ku kuma da kuke karanta wannan, kowa da ɗan abin da aka damƙa masa, ko allura ce ko alli ko sitiyari: in an zo ana yi maka ihu ka sallami aikin da ka san bai yi ba, ka tuna akwai tsohon da ya dafe aljihunsa a kan dutse cikin ruwa ya ce a'a, sannan ya tsuguna ya nemo yadda za a yi. A'a kaɗai ba ta kai kowa ko'ina, sai an haɗa ta da tsugunawar.

Allah ya buɗe idon nan, Baba. Akwai yara a kan dutse da suke gudu yau da ƙafafunsu, ya kamata ka gan su.